Ruwan Allah Ne, To Ƙazantar da Ke Cikinsa ta Wa Ce?

   Ni ƙaramin almajiri ne, ɗalibi a jami'a, ban kai matsayin yi wa kowa wa'azi ba. Wata tambaya ce ta daɗe tana damuna, na ga ya fi in shimfiɗa ta gaban ƴan'uwa, wanda ya fi ni sani ya gyara mini.

A farkon watan Satumba na 2020 ina zaune wajen kawuna a Harobanda, ƙetaren kogin Isa a Yamai, ina karatun lise. Ganuwar ƙasa da ke tare ruwa ta wajen Lamorde ta ɓalle, ruwa ya shigo unguwanni. A kwanakin nan ma'aunin kogi a Yamai ya kai kusan mita 7, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara auna shi. Muka kwashi abin da hannu ya iya ɗauka, muka koma wata makarantar boko da ke kan tudu, iyalai da yawa cikin aji ɗaya.

Da la'asar ta yi, sai muka tashi neman ruwan alwala. Ruwa ga shi nan ko'ina, iya ganinka. Amma duk masan unguwa sun cika sun tumbatsa cikinsa, ga juji, ga mushen kaji, ga wari tun daga nesa. Ɗan ruwan da aka kawo cikin jarka kuwa na sha ne, na yara da masu jego. Haka muka yi taimama. Da lokacin wazifa ya yi, muƙaddaminmu ya tuna mana cewa ba a karanta Jauharatul Kamali sai da alwalar ruwa a wuri mai tsarki, sai muka kawo Salatul Fatihi a madadinta. Wani dattijo da ke kusa da ni ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah, ruwa ya kewaye mu, mun rasa ruwa."

A daren nan na tuna wani abu. Makonni kaɗan kafin haka, an yi ruwa mai ƙarfi da dare, matar kawu ta tashe mu ta ce, "Ku tashi ku kwashe gologo tun ruwa bai ɗauke ba." Na ɗauki bokiti, na yi ta kwasar ruwan wanka da na wanke-wanke da ya yi makonni yana ruɓewa cikin rami, ina watsawa a hanya. Duk layinmu haka ake yi, wasu har da na masai. Abin da muke cewa shi ne ruwa zai tafi da shi. Ina zai kai shi? Ban taɓa tambaya ba, sai ranar da ya dawo mana da shi har cikin ɗaki.

Yadda kogin yake

Kafin a yi maganar laifi, ya kamata a san yadda abin ke faruwa. Kogin Isa yana tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali, ya shigo Nijar ta wajen Ayoru, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 a ƙasarmu, ya wuce Gaya ya shiga Nijeriya, inda ake ce masa Kwara. Tsawonsa duka ya haura kilomita 4,000. A Yamai sau biyu yake cika a shekara. Akwai cikar lokacin ɗari, wajen Disamba da Janairu. Wannan ruwan damanar Gini ne, wanda ya daɗe yana yawo cikin fadamun Mali kafin ya iso, saboda haka yana zuwa a hankali kuma ya tace. Akwai kuma cikar damana, ta Agusta da Satumba, wadda ake kira jan ruwa saboda jar ƙasar da take ɗaukowa. Ita wannan daga rafukan da ke gangarowa daga wajen Burkina Faso take, Goruwal da Dargol da Sirba, waɗanda ke zuba cikin kogi sama da Yamai.

A da cikar ɗari ce babba. Yanzu sau da yawa jan ruwa ne ke fin ta, kuma shi ne mai ɓarna, domin zuwansa na gaggawa ne. Masana sun nuna dalili. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980, wanda ya kai har kogi ya daina gudu a Yamai a 1985, itatuwa sun ragu, gonaki sun daina hutawa, ƙasa ta zama fako. Ruwan da a da yake nutsewa cikin ƙasa yanzu gudu yake yi a bisa, ya kwaso rairayi ya zuba cikin kogi, kwarin kogi ya cike. Ga kuma ruwan sama mai sauka da yawa a lokaci ɗaya. A gefe guda garin ya girma. Yamai da ba ta kai mutum 50,000 ba lokacin samun ƴancin kai a 1960, ƙidayar 2012 ta same ta ta wuce miliyan ɗaya, kuma da yawa daga cikin sababbin gidaje a fadama aka gina su, inda a da shinkafa da lambu ne. Shi ya sa abin ke maimaituwa: 2010, 2012, 2020, sannan 2024, shekarar da ambaliya ta game ƙasa duka, mutum fiye da 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka shiga wahala, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba.

Ita kuma ƙazanta hanyarta daban. Yawancin gidaje ba su da bututun da ke ɗauke ruwan dauɗa, sai ramin masai da gologo. Magudanun da aka gina don ruwan sama sun zama wurin zuba komai. Kwarin Gunti Yena, wanda ya ratsa tsakiyar gari, yana kwasar wannan dauɗa ya zuba ta cikin kogi kusa da gadar Kennedy. Ruwan famfon da muke sha kuwa daga kogin nan ake ɗibarsa, a Gudel, sama da gari. Muna ɗiba daga sama inda ya fi tsabta, mu mayar da dauɗarmu ƙasa, inda wasu ke jiran ruwa.

Iyakar kalmar ƙaddara

A makarantar da muka fake, kalmar da ta fi yawa a bakin mutane ita ce "ƙaddara". Kuma gaskiya ce. Babu ɗigon ruwan da ke sauka ba da nufin Allah ba, kuma na ga yadda kalmar nan ta riƙe mutanen da suka rasa komai, ta hana su furta abin da za su yi nadama a kai. Ba ni da ja da wannan.

Amma malamanmu sun koya mana cewa ana ambaton ƙaddara don a yi haƙuri da musiba, ba don a wanke kai daga laifi ba. Ladabin mutanen Allah shi ne su jingina alheri ga Ubangijinsu, su jingina aibi ga kansu, duk da sanin cewa komai halittarsa ne. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham, sai labari ya zo masa cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya bayyana cewa juyawar ita ma cikin ƙaddara take, ya yi misali da makiyayin da ke da gefen kwari mai ciyawa da gefe busasshe, wanda duk inda ya kora dabbobinsa da ƙaddarar Allah ne, amma mai hankali ya san inda zai kora. Babu wanda zai ce mu mun fi shi tawakkali.

Saboda haka na fara raba abin da ya shigo mana gida kashi biyu: ruwa da abin da ke cikin ruwa. A fiƙihun Malikiyya da muka karanta tun muna yara, ruwan da ya canza saboda laka ko ƙasar da yake gudu a kanta yana nan da tsarkinsa, ana alwala da shi. Ke nan da jan ruwan Sirba ne kaɗai ya shigo, da mun rasa katanga da kaya, amma da mun tsuguna a bakinsa mun yi alwala. Abin da ya hana mu alwala, ya kuma sa yara gudawa a makonnin da suka biyo, daga hannunmu ya fito. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Ko shi ruwan kansa, in an duba, akwai hannun mutum a yawan ɓarnarsa: wanda ya sare itace bai dasa ba, wanda ya yi gini a hanyar ruwa, wanda ya toshe magudana da leda. Tun 2014 ƙasarmu ta yi dokar hana ledar nan mara kauri, amma kowa ya san abin da ke cike da magudanunmu.

Bokiti ɗaya

Da na shiga jami'a na kawo wannan magana ga wani abokin karatuna, shi ma ɗan'uwa ne a ɗariƙa. Ya yi dariya ya ce, "Haba ɗan'uwa, kana wahalar da kanka. Bokitinka ɗaya me zai yi wa kogin da ya taso tun daga Gini? Da ka zuba da ba ka zuba ba, warin nan dai za a ji. Kuma ai ka san ruwa mai yawa ba ya zama najasa sai launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya canza. Naka bokitin bai canza komai ba."

Maganar tana da ƙarfi, na daɗe ban sami amsarta ba. In an cire bokitina, babu ma'aunin da zai nuna bambanci. In an cire na maƙwabcina, haka nan. Kowa a garin yana iya faɗin haka kuma ya yi gaskiya. To amma ruwan ya canza. Wane ne ya canza shi, in kowa ya kuɓuta? Ba zai yiwu a ce an yi ɓarna, kuma babu wanda ya yi ta ba.

Amsa ta farko da na samu ita ce hukuncin da ya ambata yana magana ne a kan mai son amfani da ruwa, ko ya halatta ya yi tsarki da shi. Bai zo don ya ba mai zuba ƙazanta izini ba. Ga mai zubawa akwai koyarwa daban, wadda kowane almajiri ya sani: an hana biyan buƙata a mashayar mutane da kan hanyarsu da inuwar da suke hutawa. A can ba a ce sai in abin ya yi yawa ba. An hana mutum ɗaya, sau ɗaya, domin an san in aka bar wa ɗaya an bar wa dubu.

Amsa ta biyu a zikirin Juma'a ta zo mini. Muna zaune bayan la'asar, mutum wajen ɗari biyu, ana hailala, sauti yana kai wa har bakin titi. Na tambayi kaina: in na yi shiru, wa zai lura? Babu. Sautin ba zai ragu a kunnen kowa ba. Amma ban taɓa cewa muryata ba ta cikin zikirin ba. Ina zuwa ne da fatan a rubuta ni cikin jama'ar, in sami rabo daga abin da aka taru aka yi. To yaya zan ce ina da rabo a ladan da jama'a ta tara da ƙananan muryoyi, amma ba ni da rabo a cutar da jama'a ta tara da ƙananan bokitai? Ma'auni ɗaya ne. Da yayyafi kogi kan cika, ko na alheri ko na sharri. Na gaya wa abokina haka, ya yi shiru, sannan ya ce zai yi tunani. Har yau muna tattaunawa.

Maƙwabcin da ba ka gani

Mun tashi mun san maƙwabci shi ne wanda kuka haɗa katanga, wasu malamai suka faɗaɗa har gida arba'in ta kowace fuska. Ruwa kuwa yana da nasa lissafin. A wajensa duk wanda yake ƙasa da kai maƙwabcinka ne, ko da tafiyar kwana goma ce tsakaninku. Abin da ya fita daga layinmu yana isa ga mai wanki a bakin kogi, da manomin shinkafa a Saga da ke tsaye cikin ruwa tun safe, da masunci a Kollo, da yaron da ya tsuguna ya sha da tafin hannu a Say ko Gaya, har zuwa Yawuri. Mu ma muna ƙasa da Tilaberi da Gao da Bamako, abin da suka zuba mu ke karɓa. Ƙasashe tara ne suka haɗu cikin hukumar da ke kula da wannan kogi da rassansa, kuma cibiyarta a Yamai take. A kan kogi babu wanda ba ya da na sama da shi, babu kuma wanda ba ya da na ƙasa da shi.

Wannan ba labarin Yamai kaɗai ba ne. Ƴan'uwanmu na Maraɗi sun san Gulbi, sun kuma san yadda kwalara ta yi ta'adi a yankin a 2018 da 2021, mutane dubbai suka kamu. Cuta ce da ke bin ruwan da najasa ta shiga. Wanda ya kamu bai san daga gidan wa ta fito ba, wanda ta fito daga gidansa bai san wa ta kama ba.

A nan ne abin ya fi tsorata ni. An koya mana cewa laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba na share shi: ka bari, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba. Amma in akwai haƙƙin wani bawa a ciki, sai an mayar masa da haƙƙinsa ko an nemi yafewarsa. Wanda ya ci bashi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ni ƙofar wa zan ƙwanƙwasa? Ban san sunansa ba, ban san garinsa ba, ban ma san ko ya kamu da ciwo ko bai kamu ba.

Na kai wannan ga muƙaddaminmu bayan wazifa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yaya mutum zai nemi gafarar wanda bai sani ba?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, malamai sun ce wanda dukiyar wani ke hannunsa, ya nemi mai ita ya rasa, sai ya yi sadaka da ita da niyyar ladan ya je ga mai ita. Kai ba dukiya ka ɗauka ba, tsabtar ruwa ka rage wa mutane. To ka mayar musu da irin abin da ka rage. Da hannunka ka zuba, da hannunka za ka kwashe. Ka kuma sa su cikin addu'arka, Allah ya san su ko kai ba ka san su ba." Ya ƙara da cewa kada in bar abin ya zama waswasi, aiki ake so.

Adalci ga wanda ba shi da hali

Dole in faɗi abin da ke gefe na biyu, domin akwai shi. Matar kawu ba muguwa ba ce. Gidan haya ne, mai gida ba ya zuwa sai ƙarshen wata, motar kwasar masai kuɗi take so, kuɗin kuma na cefane ne. In gologo ya cika babu wurin da aka tanadar mata ta kai ruwan. Wanda ya yi gini a fadama sau da yawa don filin tudu ya fi ƙarfinsa ne. Bayan ambaliyar 2012 an ba wasu filaye a Seno, kan tudu, amma wasu suka koma bakin kogi, domin a can lambunsu da sana'arsu suke. Mu ɗalibai muna da saurin cewa jahilci ne. Sau da yawa rashi ne.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Gina magudanai da yashe su, gyaran ganuwar tare ruwa kafin damana, wurin da za a tace ruwan dauɗa kafin ya shiga kogi, hana raba filaye a hanyar ruwa, duk aikin hukuma ne, kuma amana ce a wuyan masu riƙe da ita. Tarihin garinmu Maraɗi ya nuna ana iya ɗaukar babban mataki: bayan Gulbi ya cinye tsohon gari a 1945, sai aka tayar da garin aka mayar da shi kan tudu, inda yake yanzu.

Abin da na fahimta shi ne nauyi yana bin iko da sani. Wanda ya sayar da fili ya san ruwa na kwanciya a wurin, ya ɓoye wa mai saye, nauyinsa ya fi na wanda ya saya, domin ɓoye aibin haja haramun ne. Mai gidan da ke karɓar kuɗin haya bai gyara masai ba, nauyinsa ya fi na ɗan haya. Mai ikon sa hannu nauyinsa ya fi na kowa. Amma girman kason wani ba ya mayar da nawa ya zama babu. Kuma ni da aka karantar da ni yadda ruwa ke tafiya, kasona yau ya fi na daren da na ɗauki bokiti ban sani ba.

Ina kuma roƙon ƴan'uwa mu yi hattara da wata magana da ake yawan ji bayan kowace ambaliya, cewa fushin Allah ne ya sauka a kan mutanen wuri kaza. Ba mu da ilimin wannan. Abin da ido ya gani shi ne masu zama kan tudu suna tura ruwansu da dauɗarsu ƙasa su kwana a bushe, talakan da ke kwari shi ke kwana a tsaye. A Satumba na 2024 tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe da ruwan sama. Wa zai ce laifin masallaci ne? Musiba tana iya zama jarrabawa ga wanda ta sama, amma tabbas tambaya ce ga wanda ta tsallake: me ya yi, me kuma ya bari?

Tsarkin ciki da na waje

Mu mutanen ɗariƙa mun saba da yin misali da ruwa a maganar zuciya, mu ce zikiri yana wanke ta kamar yadda ruwa ke wanke tufa. Misalin daidai ne. Tsorona shi ne kada mu tsaya ga misali mu manta da ruwan kansa. Muna shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiyar wazifa, muna kiyaye shi kada ko ƙura ta taɓa shi, muna fesa turare. Sannan a fito, ruwan wajen alwalar zawiya yana malala a hanya, yara suna tsallake shi. In an tashi daga Maulidi, ledojin ruwa sun rufe fili, ruwan farko ya kwashe su ya kai magudana. Baƙon da ba ya cikinmu ba ya ganin zuciyarmu, ƙofar zawiyarmu yake gani.

An tarbiyyantar da mu cewa hidima ƙofa ce. Muna rige-rigen ɗaukar takalmin Shehu da share ɗakin baƙi, kuma alheri ne. Yashe magudana ba shi da wannan daɗin, babu mai ganinka sai ƙuda, kuma wanda zai amfana ba zai taɓa sanin sunanka ba. Ina zaton shi ya sa ya fi nisa daga riya.

Ga kaɗan daga abin da muka fara a zawiyarmu, ko wasu za su ƙara a kai. A watan Mayu, kafin ruwan farko, samari suna fita su yashe magudanar layin, kuma mu yi karo-karo mu ɗauki amalanke ta kwashe abin da aka fitar, domin in an bar shi a gefe ruwa ɗaya ke mayar da shi ciki. An haƙa wa wajen alwala rami aka cika shi da duwatsu, ruwan yana nutsewa a nan. Gidaje bakwai sun yi adashi don kiran motar kwasar masai bi da bi, kuma muna tambayar direba inda zai kai, don kada mu biya kuɗi a zuba a bakin kogi da sunanmu. An ɗaga bakin masan da suke daidai da ƙasa, aka yi musu murfi. Dattawanmu sun je wajen mai unguwa da ladabi, suka nemi ya isar da kukan unguwa ga ma'aikatar magajin gari, kuma sun ce za su riƙa komawa. A gidan kawu kuwa, in an yi ruwan dare yanzu, ba a tashin kowa.

Ban ce wannan zai hana kogin Isa cika ba. Jan ruwa zai sake zuwa, wataƙila ma ya fi na baya. Fatana shi ne ranar da ya zo, kada a sami hannunmu cikin abin da zai hana wani bawan Allah alwala ko ya kwantar da ɗansa. Wanda yake da ƙarin bayani daga malamanmu a kan haƙƙin da ba a san mai shi ba, ina roƙon ya taimaka mini da shi.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafi alheri, ya yafe mana abin da muka cutar da bayinsa muna sane da wanda ba mu sani ba. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ƙara wa shehunnanmu lafiya da nisan kwana, albarkacin Shugabanmu Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.